Aikin Daji: Wa Ke Tsaron Ran Lebura Idan Ofis Ya Yi Nisa?

Da zarar damina ta ɗauke, hanyoyin daji suka bushe, sai ka ga manyan motoci suna fita daga Tamale da Wa da Bolga tun da asuba. Wata tana ɗauke da injin haƙa rijiyar burtsatse, wata da falwayoyi da wayar wuta, wata kuwa da kayan masu awon ƙasa da masu neman zinariya. A bayan kowace mota akwai samari shida ko goma zaune bisa buhunan siminti da gangunan mai. In ka duba da kyau, da wuya ka rasa ɗan zango a cikinsu, ko direba, ko yaron mota, ko mai walda, ko kuku, ko mai gadi, ko kuma lebura mai karɓar kuɗin yini. Da yawansu sun zauna a gabanmu a aji, mun san iyayensu, mun kuma san dalilin da ya fitar da su. Suna yin mako biyu, wani lokaci wata guda, a wuraren da babu asibiti, babu ofishin 'yan sanda, sabis ɗin waya ma sai an hau tudu.

Abin da muke so mu tattauna da masu karatu a wannan wata shi ne yadda waɗannan samari za su riƙa dawowa gida da hannuwansu da ƙafafunsu cikakku. Maganar tana da nauyi a duniya baki ɗaya. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙiyasta a 2023 cewa kusan mutum miliyan 3 ne ke mutuwa kowace shekara a dalilin haɗari ko cutar da suka samu a wurin aiki, kuma tun 2022 ta sa lafiya da tsaro a wurin aiki cikin manyan haƙƙoƙin ma'aikaci. Amma lissafi irin wannan ba ya kama wanda injin ya cire wa yatsu uku a wani ƙauye bayan Tumu, aka ba shi 'yan sidi ya koma gida, ba a rubuta sunansa a ko'ina ba.

A kan takarda, Gana ba ta rasa doka ba. Tsarin mulkin 1992 ya ce kowane mutum yana da haƙƙin yin aiki cikin yanayi mai kyau da lafiya. Dokar Ƙwadago ta 2003, mai lamba 651, ta fayyace wannan a sashe na 118: wajibi ne mai ba da aiki ya ba ma'aikaci kayan kariya kyauta, ya kuma koya masa yadda ake amfani da su. Sashe na 119 shi ne muke so kowane ɗan zango ya haddace. Ya ce idan ma'aikaci ya ga abin da yake da dalilin zaton haɗari ne babba kuma na kusa ga ransa ko lafiyarsa, to ya gaya wa shugabansa nan take, ya janye daga wurin, kuma ba a yarda a kore shi ko a riƙe masa kuɗi saboda haka ba. Sashe na 120 kuwa ya tilasta wa mai ba da aiki ya kai rahoton haɗari ga hukuma cikin kwana 7.

To, amma jami'in ƙwadago yana gari, aikin kuwa yana nisan kilomita ɗari ko fiye. Babu sufeton da zai bi motar haƙa rijiya har bakin rafi. Injiniyan kamfani ma kan zo ne ranar farko ya nuna wurin, ya sake zuwa ranar ƙarshe ya karɓi aiki. Tsakanin waɗannan ranaku biyu, abin da ke mulkin wurin shi ne halin fomen da abin da ma'aikata suka saba yi idan babu mai kallonsu. Wannan sabo shi masana ke kira al'adar kiyaye haɗari. Kalmar ta yaɗu ne bayan fashewar tashar nukiliya ta Canobil a 1986, lokacin da masu bincike suka gano cewa laifin bai tsaya ga na'ura kawai ba, har da yadda manya da ƙanana a wurin suka saba kallon ƙa'ida. Tashar nukiliya da motar haƙa rijiya ba su da kama ko kaɗan, amma mutanen da ke aiki a cikinsu halinsu ɗaya ne: abin da aka saba tsallakewa jiya ba a mutu ba, yau ma za a tsallake.

Abubuwan da ke kashe mutane a daji

Bari mu fara da haƙar burtsatse, tun da nan ne 'ya'yanmu suka fi yawa. Sandunan haƙa suna juyawa da ƙarfin da ba ya jin kira. Riga mai faɗi, ko jallabiya, ko gyalen da aka yafa saboda ƙura, idan ɗaya ya kama, to mutum gaba ɗaya zai bi. Mun san yadda muke son suturarmu, amma a bar ta a jaka sai an tashi. Tiyon iska na kwamfaresa idan ya fizge daga mahaɗinsa yana dukan duk abin da ke kusa, shi ya sa ake ɗaure bakinsa da sarƙa ko igiyar ƙarfe, aikin minti biyu da ake yawan mantawa. Ƙurar dutsen da ake haƙawa kuwa ba ta nuna illarta a ranar, sai bayan shekaru mutum ya fara tari da haki, domin ta riga ta cinye huhu, kuma likita ba shi da maganin da zai mayar da shi yadda yake. Haka nan kafin a ɗaga hasumiyar injin, wajibi ne wani ya ɗaga kai ya duba ko akwai wayar wuta a sama. Wuta mai ƙarfi tana iya tsallakowa ta kama ƙarfe tun bai taɓa wayar ba.

Masu haƙa rijiya da hannu da masu tonon kwalbati nasu haɗarin daban. Ƙasa mai faɗin mita ɗaya, tsawon mita ɗaya, zurfin mita ɗaya, nauyinta ya wuce tan guda. Ramin da ya kai ƙirjin mutum idan ba a tokare gefensa da katako ba, ko ba a kwantar da bakinsa ba, yana iya rufta masa ya hana shi numfashi kafin a kai ga tono shi. Mafi ban tausayi shi ne injin jan ruwa mai aiki da fetur da ake saukarwa cikin rijiya. Hayaƙinsa yana taruwa a ƙasa, gubar da ke cikinsa ba ta da launi ba ta da wari, na ciki ya faɗi, ɗan'uwansa ya sauka ceto shi ma ya faɗi, na uku ya bi. A rijiya ɗaya sai a yi asarar mutum biyu ko uku, dukansu don zumunci. Wannan guba ce dai ke kashe waɗanda suka shiga da murhun gawayi cikin ɗaki ko tanti suka rufe a daren hunturu.

Ma'aikatan wuta su ma suna da nasu. Kamfanin NEDCo da 'yan kwangilarsa suna kula da layukan da suka ratsa fiye da rabin faɗin ƙasar nan, mafi yawa a daji. Ƙa'idar aikin sananniya ce: a kashe layi, a kulle makunnin a rataya alama, a gwada a tabbatar babu wuta, a haɗa wayar da ƙasa ta kowane gefen wurin aiki, sannan a hau. Mutum zai ce, tun da an kashe daga tasha, me ya rage? Abin da ya rage shi ne janareta. Mai injin niƙa ko mai shago a wani ƙauye, idan ya haɗa janaretarsa da wayar gidansa ba tare da ya raba ta da layin gwamnati ba, wutarsa tana komawa baya ta cikin taransifoma ta fito da ƙarfin da zai kashe wanda ke bisa falwaya nesa da shi, alhali bai san yana yi ba. Ita kanta falwayar katako, gara na iya cinye gindinta a bar ta tsaye kamar lafiyayya.

A nan ne maganar takardar izinin aiki take shigowa, wadda wasu ke yi wa kallon wahalar banza ta ofis. Amfaninta shi ne kada labari ya ɓace tsakanin mutum da mutum. A Yulin 1988, a wata rijiyar mai da ke tsakiyar teku gabas da Sikotilan mai suna Piper Alpha, masu aikin rana sun cire wani bawul na famfo don gyara ba su gama ba. Labarin bai isa yadda ya kamata ga masu aikin dare ba, suka kunna famfon, gas ya fita, wuta ta tashi, mutum 167 suka mutu. A wurinmu abin ya fi sauƙin faruwa, domin sau da yawa duk abin da ke tsakanin mai makunni da mai hawa falwaya shi ne kiran waya guda a wurin da sabis ke yankewa. Wanda ya kulle makunni shi ya kamata ya riƙe mabuɗin, kuma ba a mayar da wuta sai an kira sunan kowane ma'aikaci ya amsa yana ƙasa.

Sai hanya, wadda ba a lissafa ta cikin aiki alhali tana cin rayuka. Samari a bayan mota tare da sandunan ƙarfe da ba a ɗaure ba, direban da ya wuni yana aiki sannan a ce ya tuƙa cikin dare, da ƙetare rafi a watan Agusta da Satumba lokacin da ake sakin ruwan madatsar Bagre ta Burkina Faso ya cika Farin Volta. Ba banza ba mutanen arewa suke yi wa yankin Mamprugu Moagduri laƙabin ƙasar ƙetare, domin idan ruwa ya zo sai a yanke su da sauran ƙasa.

Bakin ƙarami

Duk waɗannan da muka lissafa, ma'aikatan da suka daɗe sun san su, wasu ma sun fi mu sani. Inda gizo ke saƙa shi ne wa zai yi magana. Sau da yawa wanda ya fara ganin tiyo ya fara tsagewa, ko gefen rami ya fara zubo ƙasa, shi ne mafi ƙanƙanta a wurin, domin shi ne ke ƙasa kusa da abin. Shi kuwa an rene shi a kan cewa yaro ba ya gyara wa babba magana. Mu malamai ma muna da hannu a wannan tarbiyya, kuma a gida da makaranta tana da kyau. Ga kuma kunya, kada abokai su ce masa matsoraci. Ga abin da ya fi duka ƙarfi: kuɗin yini yake karɓa, babu takarda tsakaninsa da kowa, kuma ya san akwai goma a tasha suna jiran gurbinsa. Saboda haka sai ya haɗiye maganarsa ya ce Allah ya kiyaye.

Idan haɗarin ya auku, sai mu ce ƙaddara ce, mu yi ta'aziyya, mu tashi. Ba mu musun ƙaddara, amma muna ganin kalmar ta zama mayafin da ɗan kwangila ke lulluɓe sakacinsa da shi, mu kuma mu taya shi riƙe gefe. Mutumin da ya ƙi sayen sarƙar 'yan sidi don ɗaure tiyo ba shi ne ya kamata ya fara yi wa iyayen mamaci wa'azin haƙuri ba.

Mu tuna cewa tafiyar daji cikin tsari ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Kakanninmu fatake da suka riƙa zuwa Salaga sayen goro suna yin watanni a hanya, kuma ayarinsu yana da madugu, yana da jagaba mai wucewa gaba ya duba hanya da mashigin ruwa, yana da uban dawaki mai kula da sha'anin masauki da biyan fito. Kowa ya san aikinsa, an san inda za a kwana tun kafin a tashi, kalmar zango ma da muke kiran unguwanninmu da ita daga nan ta samo asali. Madugun da ya riƙa zubar da mutane a hanya ba ya samun mabiya a shekara ta gaba. Fomen na yau shi ne madugu, sai dai shi yana samun mabiya ko ya yi sakaci, saboda rashin aikin yi.

Shi ya sa muke ganin gyaran daga fomen zai fara. Ƙungiyoyin da muka ga suna dawowa lafiya shekara da shekaru suna da wasu halaye iri ɗaya. Kowace safiya kafin a tayar da inji, ana tsayawa minti goma a da'ira, a faɗi aikin ranar, a faɗi abin da zai iya cutarwa a cikinsa, da harshen da kowa yake ji. Wannan yana da muhimmanci, domin a mota ɗaya za ka samu mai jin Hausa, da mai jin Dagbani, da mai jin Twi, takardar gargaɗi kuwa da Turanci aka buga ta. Fomen nagari ba ya tambayar ko kowa ya gane, don kowa zai ce e. Yana nuna ƙaramin cikinsu ya ce, "Kai ɗana, in tiyon nan ya fizge, ina za ka tsaya?" Kuma yana faɗa a gaban kowa cewa duk wanda ya ce a tsaya, za a tsaya. Ranar da yaro ya ce, "Maigida, a dakata, ƙasar nan tana motsi," aka duba aka ga ba komai, ranar ce ake gane gaskiyar fomen. Idan ya yi masa ba'a, ya rufe bakin kowa har ƙarshen kwangila. Idan ya ce madalla, a koma aiki, to gobe wani zai yi magana a kan abin da yake na gaske.

Haka kuma abin da ya kusa faruwa bai faru ba, kamar guduma ta faɗo daga sama ta wuce kan mutum da taƙi guda, ya kamata a zauna a kansa da yamma kamar ya faru, a nemi dalili ba tare da neman wanda za a zaga ba. Inda ake cire wa mutum kuɗi saboda ya kawo irin wannan labari, labarin yakan daina zuwa, haɗarin kuwa yana nan. Shi kansa fomen yana bukatar mai kamfani ya tsaya masa, domin idan ana biyansa bisa yawan rijiyoyin da ya gama a wata, kuma ana zaginsa duk ranar da aka tsaya, to hular kwano nawa aka raba ba za ta canza komai ba.

Idan abin ya riga ya faru

Bambancin daji da gari shi ne nisa. Raunin da a Kumasi ko Ankara za a ɗinke cikin awa ɗaya, a daji yana iya kashewa saboda zubar jini. A Janairun 2020 gwamnati ta raba motocin asibiti 307, akwai kuma lambar gaggawa 112, amma motar ba za ta zo inda ba a iya kwatanta mata ba. Saboda haka ranar da aka sauka a sabon wuri, kafin a sauke kaya, a san asibitin gunduma mafi kusa, da awa nawa ake yi zuwa can, da inda ake samun sabis, a kuma rubuta lambar wurin ta GhanaPostGPS. A bar mota ɗaya da mai a ciki tana fuskantar hanya, mabuɗinta a inda kowa ya sani. A sa lokacin da za a riƙa kiran ofis kullum, yadda idan kiran bai zo ba za a san a bi sawu. Aƙalla mutum biyu su iya tsayar da jini da ɗaure karaya, don kada ya zamana wanda ya iya shi ne ya ji raunin.

Maciji yana bukatar magana ta musamman. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce saran maciji yana kashe mutum 81,000 zuwa 138,000 a shekara, kuma a 2017 ta sa shi cikin manyan cututtukan da aka yi wa sakaci. A arewacin ƙasar nan kububuwa ce ta fi ɓarna. Dafinta yana hana jini daskarewa, mutum yana iya zama kamar lafiya lau a ranar farko alhali yana zubar jini ta ciki. Ɗaure ƙafa tamau da roba, da tsaga wurin, da tsotsa, da ɗora baƙin dutse, duk suna ɓata lokaci, wasunsu ma suna jawo yanke ƙafa. A kwantar da mutum, a cire zobe da takalmi, a hana gaɓar motsi, a ɗauke shi zuwa asibiti ko da yana cewa ba ya jin komai. Ba kowane ƙaramin asibitin ƙauye ne ke ajiye allurar dafi ba, sai a tambaya tun ranar zuwa. A 2019 kamfanin Zipline ya fara kai jini da magunguna ga asibitoci da ƙananan jirage marasa matuƙi, har ya buɗe cibiya a Vobsi kusa da Walewale, amma jirgin asibiti yake kai wa, dole dai sai an kai majinyaci can. Takalmi mai tsawo, da tocila da dare, da kwana cikin gidan sauro a bisa gado ko bayan mota, sun fi duk wannan arha.

Zafi kuwa a Maris da Afrilu yana wuce digiri 40. Wanda ya fara ruɗewa, ko yana magana ba kan gado, ko ya faɗi, a kai shi inuwa a jiƙa shi da ruwa a yi masa fifita, a nufi asibiti. A 2023 da 2024 azumi ya faɗo cikin waɗannan watanni. Abin da ya dace a irin wannan lokaci shi ne a fara aiki mai nauyi bayan sallar asuba, a ajiye shi kafin rana ta take, kada a sa mai azumi hawan falwaya da tsakar rana.

Akwai kuma abin da iyaye da sarakunan zango za su iya yi tun daga gida. Kafin yaro ya hau mota, a san sunan kamfani ko ɗan kwangilar da ya ɗauke shi, da sunan fomen, da garin da za su. Dokar Diyyar Ma'aikata ta 1987 ta tanadi diyya ga wanda ya ji rauni a bakin aiki, da iyalan wanda ya mutu, kuma ofishin ƙwadago ne ke bin maganar. Amma ofishin zai tambayi shaidar cewa yaron ma'aikacinsu ne, da ranar haɗarin, da takardar likita. Saboda haka a adana katin asibiti, da saƙon biyan kuɗi na waya, da sunayen waɗanda suka ga abin, a kai maganar ofishin ƙwadago mafi kusa kafin a karɓi kuɗin sulhu a sa hannu a kan kowace takarda.